A Fara Dasa Itace Kafin A Kafa Dutse

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni fili cikin wannan mujalla tamu in yi magana a kan wani abu wanda galibi ba a tunawa da shi sai an gama aiki, kuɗi sun ƙare. Abin nan kuwa shi ne filin da ke kewaye da ginin tunawa, watau hubbare, ko hasumiya, ko dutsen da a ke kafawa don kada a manta da wani babban mutum ko wani babban al'amari. Na sani waɗansu za su ce ina ruwan mai koyon aikin malanta da wannan, ai aikin injiniyoyi ne da masu zanen gini. To, da ruwanmu ƙwarai, gama mu ne za mu riƙa kai yara irin waɗannan wurare, mu tsaya da su cikin rana ko cikin inuwa, mu ba su labari. In wurin bai zaunu ba, labarin ma ba zai shiga kunne ba.

Garin nan namu na Gombe yaro ne in an gwada shi da Kano ko Katsina, amma ƙasar tana da abin tunawa da yawa. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya karɓo tuta ya kafa sarautar Gombe a farkon ƙarni na 19. Ya zauna a Gombe Abba kusa da kogin Gongola, ya rasu a 1841, kabarinsa kuwa yana can. Bayan zuwan Turawa aka ɗauke hedkwata aka kai Nafada a 1913, sa'an nan a 1919 aka sake ɗauko ta aka kawo nan Doma inda mu ke zaune yanzu. Cinikin auduga ya jawo mutane daga ko'ina, jirgin ƙasa ya iso a 1963, gari ya yi ta bunƙasa, har ran 1 ga Oktoba 1996 aka cire mu daga Bauci aka ba mu jiha tamu.

Ga kuma Burmi, can wajen Bajoga. Sa'ad da sojan Gwamna Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira ya nufo gabas, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. Tafiyar nan a Burmi ta ƙare. Turawa sun yi karo da mutanen garin a watan Mayu, ba su sami shiga ba, suka ja da baya. Ran 27 ga Yuli suka komo da ƙarfi, aka wuni ana yaƙi, aka kashe Sarkin Musulmi da ɗaruruwan mutane, aka kuma kashe Manjo Marsh wanda ya ke shugaban sojan Turawa. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu ya ke amsa sunansa har yau. Ashe daular da aka kafa a Sakkwato a ƙasarmu ta yi yaƙinta na ƙarshe. Amma da na je gwajin koyarwa a wata firamare cikin garin nan na tambayi 'yan aji shida, babu wanda ya san labarin, sai yaro guda da ya ce ai Burmi kusa ta ke da Ashaka inda a ke yin siminti. Yaron bai yi ƙarya ba, iyakar abin da ya gani ke nan.

Saboda haka ko ba daɗe ko ba jima wani gwamna ko wani attajiri zai ce a yi wa waɗannan al'amura ginin tunawa a cikin babban birnin jiha, ni kuwa ina murna da haka tun yanzu. Abin da ni ke tsoro shi ne a yi shi yadda aka saba. Yadda aka saba kuwa kowa ya sani: a nemi shataletale inda hanyoyi huɗu suka gamu, a zuba siminti a tsakiya, a tayar da wani abu dogo, a shafa masa fenti kore da fari, a kewaye shi da ƙarfe, babban mutum ya zo ya yanke ƙyalle, a watse. Daga ran nan ba mai sake zuwa kusa da shi sai mai liƙa hoton ɗan takara. Wane malami ne mai hankali zai tsallaka titi da yara 60 tsakanin Keke Napep da manyan motoci masu zuwa Yola don su karanta rubutun da ke jikin dutse? Direba ma da ya ke kewaya shi kullum idonsa yana kan motar da ke gabansa. Kuɗin da aka kashe sun zama ado ga mai wucewa, ba su koya wa kowa kome ba.

A ƙasashen Turai in za a tuna da mutum a kan sassaƙa siffarsa a ɗora bisa doki. Mu a nan wannan ba zai karɓu ba, gama 'yan'uwanmu Musulmi ba su yarda da mutum-mutumi ba, balle a ce na malami kamar Buba Yero, mu ma da aka rena a makarantar mishan an koya mana mu yi hankali da sassaƙe. Tun da ya ke ba za a yi siffa ba, to, wurin ne kansa zai yi magana, watau hanyar da aka bi aka shiga, da inuwar da aka zauna, da abin da ido ya fara gani. Wanda ya taɓa zuwa hubbaren Sir Abubakar Tafawa Balewa a Bauci ya san abin da ni ke nufi. Shi ma malamin makaranta ne irinmu kafin ya zama Firayim Minista, aka kashe shi a Janairu 1966, aka buɗe hubbarensa a 1979. Ba a shiga kai tsaye a ga kabari. Sai an bi ta wani lungu mai duhu, wanda aka ce shi ne zamanin mulkin mallaka, haske yana ɗan ratsowa, ana hawa a hankali, sa'an nan a fito fili, ga bango mai launi iri-iri saboda kabilun Nijeriya, ga kabarin a buɗe ba rufi sai sararin sama. Kafin mai yi maka jagora ya buɗe baki, ƙafarka da idonka sun riga sun ba ka rabin labarin.

A Delhi ta ƙasar Indiya, inda aka ƙone gawar Gandhi a 1948, abin da aka kafa wani dakali ne kawai na baƙin dutse, tsawonsa bai kai ƙugun mutum ba. Girman wurin duk a lambun da ke kewaye ya ke, inda shugabannin ƙasashe su kan dasa itace in sun kawo ziyara. Wanda ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne na birnin Washington a Amurka, na tunawa da sojan da suka mutu a yaƙin Biyetnam. A 1981 aka yi gasar zane, zane 1,421 aka kawo, wadda ta ci kuwa wata ɗaliba ce mai shekara 21, sunanta Maya Lin, watau tsararmu. Ba ta tayar da kome sama ba. Ta ce a tsaga ƙasa a yi gangare, a jera baƙin dutse mai sheƙi a jikin tsagar, a rubuta sunayen matattun, wajen 58,000. Mai shiga yana gangarawa bango yana ƙara tsawo har ya fi kansa, yana karanta suna yana ganin fuskarsa a jikin dutsen. Manya da yawa suka yi ta suka, wai rami ne aka haƙa. Aka buɗe shi a 1982, har yau kuwa mutane ba su daina cika wurin ba. Na kawo wannan ne don kada wani a kwalejin nan ya ce shi ɗalibi ne, ba shi da ta cewa.

To, bari mu komo gida. In ni aka tambaya, abu na fari da za a duba a Gombe shi ne inda ruwan sama zai bi. Garin nan a cikin kwari ya ke, tudun Akko yana yamma, ƙasa tana gangarawa gabas, ƙasar kuwa rairayi ce marar ƙarfi. Ruwan da mu ke samu a shekara wajen inci 35 ne, amma duk cikin wata biyar ko shida ya ke sauka, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Abin da wannan ya haifa ba sai na gaya wa ɗan Gombe ba. Dattawa suna tuna ambaliyar watan Agusta 2004 wadda ta ci rayuka da gidaje. Kwarin da ya bi ta Malam Inna, da wanda ya bi ta wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya, sun cinye gidajen mutane da gonaki kafin gwamnati ta shiga gyaransu da taimakon Bankin Duniya, da kuɗin da ba su ƙidayuwa a bakin talaka. Ko wane kwari daga cikinsu kuwa da 'yar ƙaramar hanyar ruwa ya fara, wadda yaro zai iya tsallakewa.

Ga ɗan lissafi ga masu son lissafi. A ce an sami fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, aka shafe shi duka da siminti don ya yi kyan gani ran buki. In aka yi ruwan inci 1, watau milimita 25, ruwan da zai sauka a kan filin nan lita 250,000 ne, daidai da duro 1,250 irin mai cin lita 200. Siminti ba ya sha ko ɗigo. Duk ruwan nan cikin rabin sa'a zai tattaru ya fita ta baki ɗaya, ya faɗa unguwar da ke ƙasa. Ashe sai a yi ginin tunawa da kakanni a rushe gidan jikoki. Maganin abin kuwa ba wuya. A rage siminti iyakar iyawa, a yi hanyoyi da tsakuwa ko burji ko tubalin da a ke jerawa da tazara don ruwa ya nutse. In filin yana da gangare a yanka shi hawa-hawa kamar yadda mutanen tsaunukan Tula da Waja su ke yi wa gonakinsu da jeren duwatsu tun kaka da kakanni. A bakin ko wane hawa a dasa jema a jere, gama saiwarta ƙasa ta ke nufa sosai, tana riƙe ƙasa kamar ɗinki. Ruwan da ya rage a bi da shi zuwa gindin itatuwa, su ne masu bukatarsa.

Yanzu sai maganar itatuwa, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ɗan kwangila zai iya tayar da hasumiya cikin wata shida, amma duk kuɗin jihar nan ba za su sayo inuwar tsamiya cikin wata shida ba. Watan Maris da Afrilu zafi ya kan kai digiri 40 a garin nan, dakalin siminti da rana ta buga kuwa ko akuya ba ta kwanciya a kai. A makarantar mishan inda na yi firamare akwai mangwaro da aka dasa tun ba a haifi ubana ba. Gine-ginen farko sun zube an sake waɗansu, wanda ya dasa ya daɗe a kabari, amma har yanzu a ƙarƙashinsu a ke taron iyaye, a nan kuma na koyi karatu ran da iska ta yaye kwanon ajinmu. Don haka ni ke cewa a fara dasa itace shekara biyar kafin a aza tubali na fari. In lokacin gini ya zo a tarar inuwa ta riga ta zauna.

Wane itace za a dasa? Dogon yaro shi ne zai fara zuwa bakin kowa, kuma ba na rena shi. Baƙo ne daga wajen Indiya, a Barno aka fara dasa shi cikin Nijeriya a 1928, yana saurin girma, ba ya gudun fari, ganyensa kore shar da rani. A dasa shi a gefe-gefe ya ba da inuwa da wuri, musamman ta arewa maso gabas inda iskar hunturu ta ke shigowa da ƙura. Amma wurin da aka yi don tunawa da mutanen ƙasa ya kamata a ce itatuwan ƙasa ne manyan cikinsa, irin waɗanda Buba Yero ya sha inuwarsu. Tsamiya tana da jinkirin girma, amma in ta girma inuwarta ba ta da na biyu, tana kuma daɗewa ta ga jikokin jikoki. Na san ana cewa gidan iskoki ce, to, ko ba kome wannan zai hana a sare ta. Ɗorawa tana baza rassa, da rani ta fid da jajayen furanni masu lilo, daga baya ta ba da kalwa, ka ga malami ya sami darasin daddawa a tsaye. Maɗaci ya dace da bakin babbar hanyar shiga, a jera shi dama da hagu da tazarar ƙafa 30 ko 40, sai dai a sa ido, gama masu magani su kan ɓare ɓawonsa har su kashe shi. Gawo kuwa shi ne mai abin mamaki: da damina ya zubar da ganye, da rani sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe shi kuma ya yi lif, daidai lokacin da a ke neman inuwa.

Durumi da ceɗiya su ne itatuwan ƙofar fada da dandali, a ƙarƙashinsu dattawa su ke shari'a da hira, reshe kawai a ke sarowa a kafa ya kama. Amma a nisanta su da gini da bututun ruwa, saiwarsu ba ta jin kunyar bango. Kuka ba ta da inuwa da rani, duk da haka ina so a dasa guda a can ƙarshen fili, domin duk inda ka ga kukoki sun taru a daji ka san kufai ne, mutane sun taɓa zama. Babu itacen da ya fi ta riƙe tarihi. Giginya tana da kwarjini, sai dai kada a sa wurin zama a ƙarƙashinta, wanda 'ya'yanta suka taɓa faɗo wa ya san dalili.

Akwai abubuwa kuma da ni ke roƙo a bar su. Itacen turare yana shan ruwa kamar raƙumi, inuwarsa kuwa ba ta rufe mutum guda. Haka nan wannan siririn itace da a ke yayi yanzu a ƙofar ofisoshi da otal-otal, mai tsayawa kamar sanda da ganye a zube, ado ne kawai, ko kaza ba ta fakewa a gindinsa. Ciyawar Turawa mai laushi ita ma sai an shayar da ita safe da yamma wata bakwai a shekara. A gari inda ruwan famfo daga Dadin Kowa ya ke tasowa, mata kuma suna sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, wa zai iya kallon ana zuba wa ciyawa ruwa? Kirikiri tamu ta isa, ta bushe da rani ta farfaɗo da ruwan fari. Maɓuɓɓuga mai feshi da inji kuwa kada ma a fara. Sarakunan Indiya da suka yi Taj Mahal sun raba lambunsa huɗu da magudanan ruwa domin a bakin kogi su ke. Mu in mun kwaikwaya, bayan shekara guda inji ya lalace, kwamin ya zama gidan sauro da leda.

Sauran shiri ba shi da yawa. Hanya ta zama mai faɗin da mutum biyu za su jera, ba matakala sai gangare mai sauƙi, don mai keken guragu da makaho da tsohuwa su shiga ba tare da an ɗauke su ba. A sa manyan itatuwa ta yamma su tare ranar la'asar. A yi dakali mai zagaye a inuwa wanda zai ɗauki aji guda, malami ya tsaya a tsakiya. Rubutu kada ya wuce tsayin idon ɗan shekara goma. A keɓe wurin salla da alwala, a yi makewayi na maza da na mata, gama in babu shi bayan dutsen ne zai zama makewayi. Masu talla kuwa za su zo ko an so ko an ƙi, gara a ba su rumfa a bakin ƙofa tun farko.

Ga wata magana mai nauyi, ina roƙo a karɓe ta da kyakkyawar zuciya. Tarihin ƙasar nan ba fuska ɗaya gare shi ba. Buba Yero malami ne, shugaba ne, amma kuma mayaƙi ne, akwai kabilun da kakanninsu suka sha yaƙinsa. Tangale da Waja da Tula sun tsare kansu a kan duwatsu, ba su shiga ƙarƙashin sarautar Gombe ba, yanzu kuwa jiha ɗaya mu ke, aji ɗaya, ɗakin kwana ɗaya. Burmi ma tun zamanin Malam Jibril Gaini ba ta ga maciji da Gombe, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Sojan da suka yi harbi ran 27 ga Yuli kuwa, ban da hafsoshinsu, yawancinsu baƙar fata ne 'yan ƙasar nan. In aka kafa ginshiƙi guda da suna guda, wani yaro zai tsaya a gabansa ya ga nasa, wani ya ga ba a san da shi ba. Lambu kuwa yana da kusurwa da yawa. Ana iya yin hanya ta bi ta zango uku, Gombe Abba da Nafada da Doma, ko wane da ɗan bangonsa da labarinsa. Wani lungu mai shiru a bar wa matattun Burmi duka. Wani kuma a ba da labarin mutanen duwatsu da yadda suka zauna.

Muna da ƙananan hukumomi 11: Akko, Balanga, Billiri, Dukku, Funakaye, Gombe, Kaltungo, Kwami, Nafada, Shongom da Yamaltu-Deba. Me zai hana ko wace ta kawo itace daga ƙasarta, da dutse guda daga tsaunukanta, daga Bima, daga Tula, daga Liji da ke nan bakin gari, a ajiye dutsen a gindin itacen ya zama wurin zama? Ba sai an sayo marmara daga Italiya ba. Rubutun a yi shi da Hausa, boko da ajami, da Fulatanci da Turanci, sunan ko wane itace kuma a rubuta shi da Tera da Bolanci da Tangale da Waja da sauransu. Yaron da ya zo daga Deba ko Talasse ya ga kalmar da kakarsa ta ke faɗa an sassaƙa ta a dutse cikin babban birni, ba zai manta da ranar ba.

Dasa itace ba shi ne wuya ba, raya shi ne. A 2019 gwamnatin jiha ta fito da shirin dasa itace miliyan ɗaya ko wace shekara, shiri ne mai kyau ƙwarai. Amma duk wanda ya taɓa dasa ko da gwanda a bayan ɗaki ya sani ranar dashe ita ce mai sauƙi. Sai an kewaye ɗan itacen saboda awaki, sai an ba shi ruwa rani biyu a jere kafin saiwarsa ta kai danshi, sai an hana yara karya shi da masu neman itacen wuta. Saboda haka in za a yi kasafin ginin, a sa albashin masu lambu da maigadi na shekara goma a ciki tun farko, a haƙa rijiya guda, a kuma faɗi a fili ofishin da nauyin wurin ya ke wuyansa. Abin da aka ce na kowa ne, in ya lalace ba a samun wanda za a tambaya. Shinge kuma kada a yi katanga mai tsawo da ƙofa a kulle sai ran da manya za su zo. Dangar aguwa ko ta bi-ni-da-zugu ta isa ta tare dabba, mai wucewa kuwa yana hangen ciki ya yi sha'awar shiga. Wurin da mutane ke zama kullum ɓarawo ba ya son sa.

Wani abokina da muka yi wannan magana a ɗakin cin abinci ya ce mini, kai, ana fama da azuzuwan da ba su da benci kana maganar lambu? Maganarsa tana da ƙarfi, ni ma na koyar da yara suna zaune a ƙasa. Abin da na ce masa shi ne, in an ce a zaɓa tsakanin benci da hasumiya, ni benci zan zaɓa. Amma shirin da na kawo ya fi na siminti araha nesa ba kusa ba, gama irin tsamiya da ɗorawa kyauta su ke a daji, dutse kuma Allah ya hore mana. Kuma gari yana ta cika, filayen da muka buga ƙwallo muna yara duk sun zama shaguna. In ba a keɓe fili yanzu aka dasa masa itace ba, ran da za a tashi yin ginin ba za a sami wuri ba sai tsakiyar titi, a koma gidan jiya.

Mu a kwalejin nan ba sai mun jira kowa ba. Ina roƙon Shugaban Kwaleji ya ba mu ɗan fili a bayan sashen aikin gona, ƙungiyar ɗalibai kuma ta ɗauki nauyin ban ruwa aji-aji. Masu tafiya hutu ko wane ya komo da iri daga garinsu, 'ya'yan tsamiya, kalwa, maɗaci, gawo, ya rubuto sunan itacen da harshensu. Irin gawo da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, sai a ɗan kankare su ko a jiƙa su da ruwan zafi kafin a shuka. Ledar ruwan sha da ke zube ko'ina cikin kwaleji ita ce tukunyar renonsu, a huda ƙasanta a cika da ƙasa da taki. In muka shuka a watan Maris, zuwa Yuli sa'ad da ruwa ya zauna sun isa dashe. 'Yan sashen zane su auna fili su zana mana taswira, 'yan sashen tarihi su rubuta abin da za a sa a bango cikin kalmomin da ɗan aji huɗu zai gane, sa'an nan mu ɗauki takardar mu kai wa Mai Martaba Sarkin Gombe da Ma'aikatar Muhalli. Wanda ya ke so ya shiga aikin ya ba da sunansa wurin Malam Edita kafin a tafi hutu.